Saniyar Watandar Kwamba

Ku da kuke zama a bencin nan kuna latsa waya, abin da kuke gani kullum shi ne na yanko tsoka, na ɗora a sikeli, na ƙulle a leda, na ce Allah ya amfana. Shi ya sa jiya Nura yake cewa in aikin Abuja ya ƙi samuwa, shi ma wuƙa zai saya ya kafa tebur a gefena. Bismilla, Nura, ga fili nan, ba wanda ya riƙe maka ƙafa. Amma ka sani teburin nan wurin hutawa ne. Shi aikin, an gama shi tun kafin ka wanke idonka.

Aikin farko da aka ba ni a fawa shi ne wankin kayan ciki. Kawu Tanko, ƙanen mahaifiyata, shi ya ɗauke ni bayan rasuwar babanmu, kuma shi mahauci ne ɗan mahauci. Ya kai ni kwata, inda ake yankan shanun gari, ya nuna min daro cike da tumbi da hanji, ya ce, "Ɗanladi, in za ka yi kuka ka yi, amma ka yi kana wankewa." Ana juye tumbi, a kakkaɓe, a bi shi ninki-ninki da hannu har yatsu su yi fari su tattare. Hanji kuwa da kara ake juya shi, ciki ya koma waje, a hankali, don in ya tsinke ka ɓata wa mai shi ciniki. Warin yana bin ka har sahun masallaci. Na daɗe a bakin daron nan ban taɓa wuƙa ba, ina jin haushin Kawu kamar me. Sai daga baya na ga amfanin. Har yau in an buɗe tumbi a gabana zan faɗa maka ko saniyar daji ce ko ta gari, don ta gari leda ce cunkus a cikinta, kuma namanta ba ya auki.

Wuƙar mahauci ba ɗaya ba ce, Nura, kar ka je ka sayo ta yankan albasa ka ce ka shirya. Akwai ta fiɗa, gajera mai ɗan lanƙwasa, wadda ake bin fata da ita. Akwai barho na yankan nama a tebur, akwai gatari na sarar ƙashi. Sai wuƙar yanka, doguwa siririya, wadda take zaune a cikin kubenta. Ita ba ta taɓa igiya, ba ta taɓa ƙashi, ba a ara wa kowa ita ko ɗan'uwanka ne. Kawu yana wasa ta a dutse da ruwa, ya gwada ta a gashin hannunsa, shi ya sa hannunsa na hagu kullum a aske yake tas. Ku dubi nawa ma. Yana cewa wuƙa mai dakushi azaba ce, kuma wanda ya azabtar da dabba don ƙiwuyar wasa wuƙa, ya nemi wata sana'ar.

Rago na farko da na feɗe ni kaɗai ragon suna ne, a wani gida a unguwar Hashimi. Kawu ya yanka, ya koma gefe ya zauna a kan turmi yana cin goro. Ana fara tsagawa daga ƙafar baya, a bi ta ciki, sannan a ajiye wuƙa a dunƙule hannu a dinga tura fatar tana rabuwa da nama. Hannu ya fi wuƙa aiki a fiɗa, don huda ɗaya in ka yi wa fata, majemi zai ɗaga ta ya leƙo ka ta ramin ya yi maka dariya. In an zo ciki kuma sai a yi hankali da matsarmama, 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta. Ta fashe, hantar mai jego ta tashi aiki, kuma tsofaffin gidan ba za su manta da sunanka ba. Na gama, gumi ya jiƙa min riga. Kawu ya taso ya ɗaga fatar ya duba ta a rana, ya ninke, ya ce mu tafi. Yabon ke nan, kuma ya ishe ni.

Amma abin da ya fi matsa min a kai shi ne abin da yake kira gaisuwa. Kafin a kayar da dabba, sai ya ba ta ruwa ta sha. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a wuyanta, ya shafa a hankali, ya bi ta tozo, ya bi ta baya, ya gangara har kwiɓi, wannan gefen da wancan. In ka zo da saurinka za ka kama igiya sai ya ce, "Ka gaishe ta?" In ka ce a'a, to ka mayar da wuƙa kube. Akwai dabara a ciki. Dabbar da ta natsu jininta yana fita sosai, namanta ba ya tauri. Kuma hannu yana jin abin da ido ba ya gani, zazzaɓi, ko ƙurji a ƙarƙashin fata, ko karaya. Ba ya wasa wuƙa a gaban dabba, ba ya yanka wata a kan idon wata, ko buhu ne sai ya rataya a tsakani. A kwata, inda kowa ke sauri, limamin shanu suke ce masa, ko a jikinsa.

Wata rana ina yaro na tambaye shi, tunda yanka ta za mu yi, wannan wahalar duk ta mece ce.

Ya ce, "Kai ka hura mata rai?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ran na wani ne. Bismillar nan da kake ji ana yi, ba ado ba ne, izini ake nema wajen mai shi. Wanda ya shiga gonar mutum da izini, ai ba ya tattake masa shuka."

Kwanaki wani a cikinku ya nuna min a waya cewa akwai masu barin cin nama gaba ɗaya don tausayin dabba, kuka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Ban bi su ba, amma na san abin da suka gani, don ni na fi su ganinsa.

Masu saye kuwa, a Suleja kowa da irin nasa, sai ka koyi baki iri-iri. Ma'aikacin Abuja ya sauko daga mota da yamma yana son tsoka zalla, ba kitse, wai likita ya hana, amma in ka juya baya yana leƙen tozo. Matan Gbagyi ba a yi musu wayo a sikeli, hannunsu ya fi sikelin. Matan kudu ganda suke so da tumbi da ƙafa, kuma sai sun matsa kowane yanka da yatsa. Masu tsire suna zuwa tun da safe su kwashe cinya. Mutumin Filato ko Binuwai zai tsaya ku gaisa da Hausa tsaf, ya tambayi iyali, sannan ya ce ka yi masa gyara kamar kai ka haife shi. Na ji daɗin mutane a sana'ar nan, wallahi. Da ita na yi aure, da ita na rufa ɗakuna, da ita yara suka yi makaranta, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba sai dai in azumi nake.

A cikinsu duka babu kamar Oga Chidi. Ibo ne, yana da gidan abinci a unguwar Kwamba shi da matarsa, kuma shi da kansa yake zuwa sayen nama kullum da safe, ba ya aike. Hausarsa ta fi ta wasunku, sai dai har yau namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa. Mutum ne mai faɗa, ya yi maka ihu a kan ƙashi ɗaya, in an jima ya aiko maka da lemo mai sanyi. Rabin abin da nake sayarwa a rana shi yake ɗauka.

Sai ga muguwar shekara. Hanyoyin arewa suka lalace da tashin hankali, shanu suka daina sauka a kara, kasuwar shanu, yadda suka saba. Wadda ta iso kuwa ƙashi da fata, kuma dillali ya faɗi kuɗinta sai ka nemi wurin zama. Muka koma haɗuwa mu da yawa a kan saniya ɗaya. Mahauta da dama a layinmu suka kife tebur, wasu suka koma tuƙa keke, wani ya koma garinsu noma. Kawu Tanko ya riga ya rasu a lokacin, ba wanda zan je wa shawara. Abin da ya hana teburina kifewa shi ne Oga Chidi. Ko nama ya yi tsada yaya, sai ya buɗe gidan abincinsa, kuma sai ya zo wurina.

A ƙarshen wannan shekarar ne ya kira ni aikin watanda. Kun san watanda, mutane su haɗa kuɗi su sayi saniya, a yanka a raba kashi-kashi. Mu da Sallah muke yi, su kuma da Kirsimeti. 'Yan hayar babban gidan da yake zaune a Kwamba ne suka yi ta tarawa tun farkon shekara, Ibo da mutanen Filato da na Kudancin Kaduna, malaman makaranta da masu shago da 'yan aikin gwamnati. Kuma kullum Musulmi suke kira ya yanka musu, don in an soya naman suna aika wa maƙwabtansu Musulmi, ba sa so a karɓa a ajiye a gefe. Wannan halin nasu yana burge ni, shi ya sa ban taɓa ƙin zuwa ba.

Ana gobe Kirsimeti na isa gidan da hantsi, da wuƙaƙena da igiya. Tsakar gidan ta cika. An jera robobi da kwanoni a jikin bango, kowane gida da nasa. An hura itace, mata suna gyaran tattasai da albasa, rediyo tana ta waƙoƙinsu na coci. Saniyar tana ɗaure a gindin mangwaro, fara ce mai dogon ƙaho. Oga Chidi, wanda shi ne shugaban watandar, ya tarye ni yana washe baki. Ya ce bana ba su bi ta hannun kowa ba, su da kansu suka je kara suka zaɓo, kuma sun same ta da sauƙi.

Ya ce, "Baba, duba cikinsa! A wannan shekarar ka ga mai ƙiba irin wannan? Nama ne zalla."

Na duba. Ƙashin bayanta a fili yake, cinyarta ba cika, ciki ne kawai ya yi gaba. Na sa aka kawo ruwa a bokiti ta sha. Na ɗora hannu a wuyanta na fara gaishe ta, na bi ta tozo, na bi ta baya, na gangara kwiɓin dama. Can ƙasa na dunƙule hannu na ɗan danna, sai wani abu ya bugo ni daga ciki. Na tsaya. Na sake dannawa, ya sake bugowa, har da ƙarfinsa. Na durƙusa na leƙa hantsarta, ta fara cika. Ciki ne, kuma ya tsufa. Sun ga tumbi ya yi girma sun ɗauka ƙiba ce.

Na miƙe na ce, "Oga Chidi, saniyar nan ba ita kaɗai ba ce. Akwai ɗan maraƙi a ciki, da ransa, ya kusa fitowa. Ni ba zan yanka ta ba."

Oga Chidi ya dubi saniyar, ya dube ni.

Ya ce, "Baba, abeg, kar ka kawo min wahala yau. Saniya saniya ne. Shekara guda muna tara wa ranar nan. Dubi yara, dubi robobi."

Wani ɗan aikin gwamnati a gefe ya ce shi dai ya ji likitan dabbobi yana hana yanka mai ciki. Oga Chidi ya juya ya ce masa likita a kwata yake, nan gidansa ne, kuma likita bai sa ko sisi a watanda ba. Sannan ya juyo kaina.

Ya ce, "Addininku ne ya hana? To kira malaminka. Kira shi yanzu, kowa ya ji."

Na kira Malam Isa, wanda shi yake mana yanka a kwata, mutum mai karatu, na buɗe muryar wayar. Ni a raina na sakankance zai ce haramun ne, in huta. Na yi masa bayani. Ya ce, "Ɗanladi, in halal kake tambaya, halal ne. Malamai sun yi magana a kai, yanka mai ciki bai haramta ba, namanta ana ci."

Aka ɗau sowa a gidan.

Na ce, "Malam, to in yanka ke nan?"

Ya ce, "A'a, wannan kuma wata tambayar ce. Ka tambaye ni ko an yarda, na ce an yarda. Ban ce an sa ka ba. Ni ina gida, kai ne hannunka yake jikinta." Ya yi min sallama ya kashe waya.

Oga Chidi ya matso har ina jin numfashinsa. Ya fara lissafa min da yatsu. Ya ce, "Malaminka ya ce halal. Fastonmu in na kira shi zai ce Allah ya ba mutum dabbobi ya ci. Likita ba ya nan. Saniya namu ne, mun saya. To kai wane ne, Baba? Kai wane ne a sama da su duka?"

Tambaya ce mai kyau. Ni ba malami ba ne, ba hukuma ba ne, karatuna bai wuce na sallah ba. Kawu Tanko bai taɓa ce min ga dokar mai ciki ba, ban dai taɓa ganin ya yanka ba. Abin da kawai na sani shi ne na gaishe da saniya, wani ya amsa daga ciki.

Na ce, "Ni ba kowa ba ne, Oga. Amma hannun nawa ne."

Ya ce to shi ke nan, mahauta ba su ƙare a Suleja ba, yanzu zai kira wani. Kuma daga gobe kar in ƙara ajiye masa nama, ya gama da teburina. Ya ciro waya ya fara neman lamba. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni. Na san in mutumin nan ya tafi a wannan shekarar, teburina ya kife, kuma a shekaruna ba keken da zan iya tuƙawa. Amma wuƙar tana cikin kube, kuma na kasa sa hannuna ya je wurinta.

Sai Malama Rahila ta taso daga wajen masu tattasai. Malamar firamare ce, mutuniyar Filato, mijinta ya rasu, tana riƙe da yaranta ita kaɗai a ɗaki ɗaya a gidan. In akwai wadda ta fi kowa buƙatar kasonta, ita ce. Ta goge hannu a zani ta ce, "Baba Ɗanladi, nuna min wurin."

Na nuna mata inda za ta sa hannu da yadda za ta danna. Ta danna. Ta yi tsalle ta ja da baya ta ce, "Yesu!" Ta sake matsowa ta mayar da hannun, wannan karon ta bar shi a wurin ta daɗe.

Ta juyo ta ce, "Oga Chidi, gobe bikin me za mu yi?"

Ya ce, "Malama, ba lokacin wa'azi ba ne."

Ta ce, "Bikin haihuwa za mu yi. Gobe mu je coci mu yi ta waƙar jariri, yau kuma mu farke mai ciki mu jefar da ɗan a bola? Ni dai ku cire ni. Yarana su ci shinkafa da manja."

Ta je ta ɗauke robarta daga layi. Wata mata ta bi ta, sai wata. Gida ya kaure da gardama, wasu da Hausa, wasu da Turanci, wasu da yarensu. Masu cewa a yanka suna da gaskiyarsu, ba zan zage su ba. Mutum ya yi shekara bai ga nama a tukunyarsa ba, ya yi wa yaransa alkawari, ka zo da safe ka ce masa ga tausayi ya ci. Ina tsaye a tsakiya kamar wanda ya fasa tulu a gidan mutane.

Da hayaniya ta ɗan lafa na ce ina da shawara. Na san wani Bafulatani, Buba, da rugarsa take bayan dutsen Zuma, muna ciniki da shi tun zamanin Kawu. A wurin mahauci saniya mai ciki asara ce, a wurin makiyayi kuwa dukiya ce. Mu kai masa ita, ya ba mu namiji a madadinta. Oga Chidi ya mayar da wayarsa aljihu. Aka nemo a-kori-kura, aka shimfiɗa ciyawa, muka ɗora ta a hankali. Ni da shi muka zauna a gaba har muka isa.

Buba ya zagaya ta, ya sa hannu inda na sa, ya girgiza kai ya ce wanda ya sayar da wannan wuya ce ta kai shi bango. Ya yarda zai karɓa. Amma Buba ba yaro ba ne, ya ga rana ta yi sama, ya san gobe bikinsu ne. Ya shiga garke ya jawo ɗan bajimi baƙi, lafiyayye sumul, amma bai gama girma ba. Oga Chidi ya yi faɗa, ya yi magiya, ya nuna wani babba, Buba ya yi kamar ba ya jin Hausa. Haka muka ɗauko ƙaramin muka juyo.

Bayan azahar muka shigo gidan. Mutane suka ga bajimin, wasu suka yi tsaki, wata ta ce wannan ai ɗan akuya ne ya yi ƙaho. Na ɗaure shi a gindin mangwaron. Shi ko a jikinsa, ya miƙa wuya yana cin ganye. Na duba shi tsaf, ba zazzaɓi, ba ciwo, ba komai. Maza suka taimaka muka kayar da shi, muka fuskantar da shi alƙibla, na zaro wuƙa.

Sai Oga Chidi, da ke riƙe da ƙafar baya, ya ce, "Baba, tsaya."

Na tsaya.

Ya ce, "Wancan ka roƙa masa, Malama ta roƙa masa, ya tsira shi da ɗansa. Wannan fa? Da safe yana cin ciyawarsa, bai san mu ba. Kai ka je ka ɗauko shi. Shi ba rai ba ne? Shi wa ya roƙa masa?"

Ba da tsokana ya faɗa ba, muryarsa a ƙasa take. Na dubi mutanen gidan, na dubi Malama Rahila, kowa ya sunkuyar da kai. Na dubi bajimin, idonsa yana kaina.

Na ce, "Babu, Oga."

Na ce Bismillahi, Allahu akbar, na yanka. Wuƙar tana da kaifi, bai daɗe ba.

Na feɗe shi, na kasa naman a kan buhuna, tsoka da ƙashi da kayan ciki, kowane kashi daidai da ɗan'uwansa. Kason ya yi ƙanƙanta, ba ƙarya. Robobin da aka kawo manya ne, naman ya kwanta a ƙasansu kamar abin sadaka. Duk da haka na ga Malama Rahila ta ware 'yan yankuna a kwano na maƙwabta. Oga Chidi ya ɗauki nasa ya shige ɗaki, ko sai an jima bai ce min ba.

Ya cika alkawarinsa kuwa. Bayan biki ya daina zuwa. Ina zaune a nan ina hango shi a can ƙarshen layi, a teburin wani, yana ihunsa a kan ƙashi. Naman da nake ɗaukowa na rage shi, na sake ragewa, har ya zama kafin azahar na wanke tebur na zauna ina korar ƙuda. Malama Rahila tana zuwa ta sayi ɗan abin da za ta iya, ta turo min 'yan'uwanta malamai, amma cinikin malamin firamare ai kun san shi, sai ƙarshen wata. Maiɗakina ta fara sayar da ƙosai a ƙofar gida. Na yi baƙin ciki, na yi fushi da Oga Chidi, wani lokacin da kaina. Kuma tambayarsa ta ƙi barina, don na juya ta ta ko'ina ban ga inda ya yi kuskure ba. An yarda in yanka bajimin, an yarda in yanka saniyar, na bar ɗaya na yanka ɗaya, kuma wanda na yanka bai yi min komai ba.

Ana nan har zafi ya fara shigowa. Wata safiya ina sunkuye ina sarar ƙashi, sai na ga inuwa a kan tebur. Na ɗago, Oga Chidi ne, da babbar robarsa ta gidan abinci a hammata. Bai gaishe ni ba.

Ya ce, "Baba, ka samo amsar?"

Na ce, "Tukuna, Oga."

Ya tsaya yana kallona, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ya ce, "Wancan mahaucin na ƙarshen layi, na yi masa tambayar. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce min dabba ce kawai, mene ne abin tunani."

Na ce, "To ai ka samu amsa."

Ya ce, "Shi ya sa na dawo."

Ya dire robar a kan tebur.

"Yanko min cinya. Kuma wallahi ka sa min ƙashi, sai mun yi faɗa."